Bakancen Pak Wagiran

Shekara ashirin da uku ke nan Wagiran, wanda ake kira Pak Wagiran, wato Baba Wagiran, yana facin taya a gindin mangwaron da ke fuskantar ƙofar babbar sakandaren garinsu, a bakin hanyar da ke hawa zuwa gonakin taba na gindin dutsen Sumbing. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska da sai ya yi tari sau uku kafin ya tashi, bahon ruwa da yake nutsa robar taya a ciki don ya ga inda kumfa ke fitowa, gwangwanin gam, da benci guda wanda ɗalibai suka goge da zama har yana ƙyalli. Karatunsa ya tsaya ne a aji biyar na firamare, shekarar da mahaifinsa ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya daina tafiya. Duk da haka, babu abin da ke faruwa a makarantar nan da ba ya isowa gindin mangwaro. Ya san malamin da ke zuwa a makare, ya san ajin da ya fi ƙiriniya, kuma yakan san yaro da babur ɗinsa tun kafin ya san sunansa.

Ranaku biyu a shekara suka fi burge shi, wato Asabar ɗin ƙarshen kowane zango, lokacin da iyaye ke zuwa da kansu su karɓi littafin sakamakon ’ya’yansu. A kowane aji malami kan rubuta sunaye goma a allo, daga na ɗaya zuwa na goma, iyaye kuwa su zauna a kujerun ’ya’yansu suna karantawa. Idan sun fito, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: “Na nawa?” Wagiran ya ji wannan tambaya sau dubbai yana durƙushe a gaban taya. Bai taɓa shakkar cewa kowane aji yana da na ɗaya ba, kamar yadda bai taɓa shakkar cewa kowace tayar da ta sace tana da huji ba.

Shi da matarsa Ngatini sun haifi ’ya’ya uku. Manyan biyu sun bar karatu da wuri sun tafi aikin masana’anta a bakin teku. Autar, Wening, ita ce ta ci jarrabawar shiga makarantar da ubanta ya yi rabin rayuwarsa yana kallon ƙofarta daga waje. Ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka, Wagiran bai iya riƙe kansa ba. Bayan sallar la’asar, a ƙaramin masallacin unguwa, a gaban mutum goma sha ɗaya da tsohon limaminsu Mbah Masduki, wato Kaka Masduki, ya ɗaga murya ya ce: “Ku shaida, na yi bakance. Duk ranar da Wening ta zo ta ɗaya a ajinsu, zan yanka bunsuru saboda Allah, in ciyar da mutane.” Ranar kasuwa ta gaba ya dawo gida da ɗan akuya baƙi mai farin goshi, ya ɗaure shi a bayan ɗakin girki.

A zangon farko Wening ta zo ta uku. A na biyu ta zo ta biyu, a bayan ƙawarta Galuh, ’yar mai kantin magani. Wagiran ya duba yadda lambobin ke tafiya, ya ga inda suka dosa, sai ya ƙara wa bunsurun dusa. A farkon shekara ta biyu kuma aka rataya hoton Wening a jikin babban ƙyallen da ke kan ƙofar makaranta, tana riƙe da kofin gasar ilimin sinadarai ta lardi, inda ta zo ta uku. Kullum da safe Wagiran kan duba hoton kafin ya kunna inji.

Da Asabar ɗin ƙarshen zango ta zo, cikin damina, ya rufe rumfarsa, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya tsallaka titi. Ya zauna a kujerar Wening gwiwoyinsa na dukan ƙasan tebur. Ya ɗaga kai ya dubi allo. Ba a rubuta komai ba sai kalmomin maraba ga iyaye da zanen fure a gefe. Ya jira. Malamar ajin, Bu Handayani (Bu lakabin girmama mace ne, har miji kan kira matarsa da shi), ta yi bayani mai tsawo a kan sabon tsarin karatu, sannan ta fara kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansa, ya karɓi littafin da hannu biyu, ya rage murya.

“Bu, ina ga an manta da allon.”

“Ba a manta ba, Pak Wagiran. Daga bana mun daina jera ɗalibai.”

“To, madalla. Na ɗayan fa?”

“Babu na ɗaya.”

“Ya bar makarantar ne?”

Bu Handayani ta danne dariya. Ta yi masa bayani a hankali cewa a aji biyu kowane ɗalibi yakan zaɓi wasu darussa da kansa. Da safe suna tare, da hantsi kuma su watse: Wening ta tafi ɗakin sinadarai, na kusa da ita ya tafi tattalin arziki, wani ya tafi koyon Japananci. Ta ce ba daidai ba ne a auna yaran da ba abu ɗaya suka karanta ba. Ta buɗe masa shafin Wening ta nuna makin, casa’in da ɗaya, tamanin da tara, casa’in da uku, kowanne da jimla biyu a gefensa masu bayyana abin da yarinyar ta ƙware a kai.

“Sakamakonta ya yi kyau ƙwarai, Pak. Ka yi alfahari da ita.”

“Na gode, Bu. Amma ki faɗa mini a kunne. Ba don mutane nake tambaya ba.”

“Ko ni ban lissafa ba. Na’urar da ke fitar da sakamakon ma ba ta da gurbinsa.”

Akwai iyaye ashirin a bayansa suna jira. Ya rungumi littafin ya fita. A bakin ƙofa ya ji wani uba ya tambayi wani, “Na nawa?” Ɗayan ya buɗe hannuwa, suka tsaya suna kallon juna.

A gida ya tarar da Ngatini tana soya awara, Wening kuma tana yanka mata barkono. Ya ajiye littafin a kan tebur ya zauna.

“To, Pak, a wasa wuƙa?” in ji Ngatini.

“Ban sani ba.”

“Ba ka je ba ne?”

“Na je, Bu. Babu na ɗaya. Wai sun daina yi.” Ya juya ga ’yarsa, ya kira ta da lakabin da iyaye ke kiran ’ya mace. “Nduk, ke da kike ciki, wa ya fi kowa?”

“A wane darasi, Pak?”

“A aji.”

“Ajin safe ko na hantsi?”

Wagiran ya tashi ya zagaya bayan ɗakin girki. Bunsurun ya riga ya zama ƙato, ƙahonsa ya lanƙwashe, warinsa na isa gida uku. Ya dube shi, shi ma ya dube shi yana tuƙa. Abin da ke damun Wagiran a fili yake. Idan Wening ce ta ɗaya alhali ba a rubuta ba, to bakance ya hau kansa, kuma kowace safiya da dabbar nan ta wayi gari da rai, shi mai saɓa alkawarin Allah ne. Idan kuma ba ita ba ce, ya yanka ya tara jama’a, ya yi shelar ƙarya ke nan a gaban unguwa, har da uban Galuh.

Da aka koma makaranta sai ya yanke shawarar nemo amsar da kansa. Ya sami bayan kwalin taliya ya ja layuka. Duk ɗalibin ajin Wening da ya kawo babur, sai ya ce masa iska kyauta ce yau, in dai zai faɗi makinsa. Labari ya bazu. Yara suka riƙa zuwa da tayoyin da babu abin da ya same su, wasu ma ba ’yan ajin ba. Wani yaro da kowa ya san barci yake yi a aji ya ba da maki ɗari a darussa huɗu, bai ko ƙifta ido ba. Parjo mai shayi, da Wagiran ke kira Kang, wato yaya, wanda rumfarsa ke jingine da ta Wagiran tun shekara goma sha biyar, kuma yana cikin shaidun bakancen, ya sami abin yi.

“Shugaban makaranta, an fito da sakamako?” haka yake gaishe shi kowace safiya.

“Ka ji da tukunyarka, Kang Parjo.”

“Ni dai haƙorana suna ƙarewa. Bunsurun nan idan ya ƙara shekara, sai dai a dafa shi da gatari.”

A mako na uku Wening ta gaji da abin da ake faɗa mata a aji. Bayan an tashi, ta ja Galuh suka zo gindin mangwaro, kowace da littafinta. Suka zauna a benci, Galuh ta gaida shi cikin ladabi, Wening ta karɓi kwalin da biro.

“Pak, bari mu yi maka sau ɗaya a huta. Wane irin lissafi kake so?”

“Na gaskiya.”

Ta tara makinta gaba ɗaya, ta tara na Galuh. Na Galuh ya fi da kusan casa’in. Wagiran ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ko da yake ba abin da ya so ba ne.

“Shi ke nan. Galuh ce. Allah ya ƙara basira, yarinya.”

“A’a, Pak,” in ji Galuh. “Ni darussa biyar na zaɓa, ita huɗu. Dole nawa ya fi yawa. Sai an raba da yawan darussan.”

Suka raba. Wening ta fi Galuh da abin da bai kai rabin maki ba. Wagiran ya miƙe tsaye, ya dubi ’yarsa.

“Ashe ke ce.”

“Zauna tukuna, Pak. Ai malamin sinadarai hannunsa a sake yake, malamar tattalin arziki ta su Galuh kuwa ba ta taɓa ba kowa casa’in ba. In ana son adalci, sai a ɗauki darussan da muke yi tare kawai.”

Suka ɗauki waɗannan. Wening ta duba kwalin ubanta, ta bi layukan da yatsa, ta yi ’yar dariya.

“A wannan kam ba ni ba ce, ba Galuh ba ce. Sekar ce.”

“Wace ce kuma Sekar?”

“Mai zama a baya. Ba ka san ta ba, a ƙafa take zuwa.”

Parjo ya leƙo da ludayi a hannu. “Ka ga, sai ka nemi bunsuru uku.”

Wagiran ya karɓi kwalinsa. Yana kallon lambobin nan uku a jikin kwali, kowacce daidai take, kowacce kuma ta ƙaryata ’yar’uwarta. A sana’arsa, idan ka nutsa roba a ruwa, kumfa daga wuri ɗaya take fitowa, kowa ya gani da idonsa. Bai san inda zai nutsa wannan ba.

Washegari bayan azahar ya ɗauki kwalin ya tafi wurin Mbah Masduki. Ya same shi a barandar gidansa yana ba tsuntsunsa na keji ayaba. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya sa tabarau, ya juya kwalin sama da ƙasa.

“Hukuncin mai sauƙi ne, Wagiran. Idan sharaɗi ya cika, yanka ya wajaba, kuma jinkiri ba shi da kyau. Idan bai cika ba, babu komai a kanka.”

“To ya cika, Mbah?”

“Wannan tambayar makaranta ce.”

“Makaranta ta ce ba ta sani ba.”

“To sai ka jira zango mai zuwa.”

“Sun ce sun daina har abada.”

Mbah Masduki ya cire tabarau ya goge. Ya ce a littattafan da ya karanta an yi maganar wanda ya yi bakance a kan warkewar mara lafiya, da dawowar matafiyi, da haihuwar ɗa, amma bai tuna inda aka yi maganar abin da aka soke shi gaba ɗaya ba. Ya ce Wagiran yana iya yankawa a matsayin sadaka kawai, babu mai hana shi.

“Sai dai ka san bambancin. Idan sadaka ce, kai ma ka ci, bakancenka kuma yana nan yana jira. Idan bakance ne, a yadda muka karanta, ko tsoka ɗaya ba za ta shiga bakinka ba. Na mabukata ne.”

“Idan na ƙi ci, na ce ta zo ta ɗaya ke nan.”

“Haka mutane za su ɗauka.”

“Idan na ci kuma, na ce ba ta zo ba.”

“Haka ne.”

“To wanne zan yi, Mbah?”

“Ka sha shayinka, yana hucewa.”

Kwana tara bayan wannan, Wening ta dawo daga makaranta jikinta zafi rau. Ngatini ta ce ruwan sama ne ya dake ta, rabin ajin ma tari suke yi. Ta dafa mata citta, ta shafa mata man zafi. Wagiran bai yarda ba. Ya tuna da wani ɗan’uwan mahaifiyarsa da ya yi bakance a kan gonarsa ya yi biris, aka ce shekara uku taba ba ta yi masa ba. Ya yini a rumfa bai san abin da yake yi ba, har ya manna faci a gefen da babu huji, mai babur ya dawo yana tura abinsa yana faɗa. Da yamma ya shiga gida ya tsaya a ƙofar ɗakin girki.

“Bu, ranar Lahadi za a yanka.”

“A matsayin me?”

“A matsayin bunsuru.”

“Pak, mutane za su tambaya.”

“Su tambaya. Ki sayo kwakwa da albasa.”

Zazzaɓin ya sauka tun ranar Juma’a, kafin a taɓa dabbar, abin da ya ƙara rikita shi. Bai sani ba ko niyyar da ya yi ce aka karɓa, ko kuwa cittar Ngatini ce. Amma an riga an gayyaci mutane.

Ranar Lahadi da hantsi Mbah Masduki ya zo da wuƙarsa. Maza huɗu suka danne bunsurun a bayan gida, Wagiran ya riƙe ƙaho, leɓɓansa na motsi. Kafin azahar tsakar gida ya cika da hayaƙin tsire da ƙamshin farfesu mai madarar kwakwa. Aka ƙulla shinkafa da nama a ganyen ayaba, aka aika gidan marayu da gidajen gwauraye da tsofaffin unguwa. Sauran aka shimfiɗa tabarmi aka zauna. Bu Handayani ta zo, Galuh ta zo da ubanta, Wening kuma ta jawo wata siririyar yarinya mai kunya ta ce, “Pak, ga Sekar.” Wagiran ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa aka ƙara mata tsire biyu.

Babu wanda ya yi jawabi. Mbah Masduki ya yi addu’a gajera, bai ambaci bakance ba, bai ambaci sadaka ba. Aka fara ci. Sai Parjo ya ɗebo faranti, ya cika shi da shinkafa, ya kwarara farfesu a kai, ya ɗora tsire uku, ya ajiye a gaban mai gida.

“Bismilla, shugaban makaranta. Mu ga sakamako.”

Hira ta ragu. Shaidu goma sha ɗaya suna wurin, kowa ya san hukuncin, kowa yana tauna yana satar kallo. Uban Galuh ya mai da hankali ga farantinsa fiye da kima. Mbah Masduki, da ke zaune kusa da Wagiran, ya karkato ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Da ka riƙe ƙahon nan, wace niyya ka yi?”

“Cewa na yi, ya Allah, lissafi uku ne, kai ka san wanda kake amfani da shi.”

Tsohon ya gyara zama. Ya shafa gemunsa. “Zan duba littafi,” in ji shi.

Wagiran ya zare tsiren nan uku ya mayar cikin babban tire. Ya tsince tsokokin farfesun ɗaya bayan ɗaya ya zuba wa yaron maƙwabta.

“Ashe ta ɗaya ce,” in ji Parjo. “Barka, Wening.”

“Ban ce ba,” in ji Wagiran.

“To ka ci mana.”

“Shi ma ban ce ba.”

Bu Handayani ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wening ta rufe fuska da gefen mayafinta, Galuh na zungurin ta da gwiwar hannu. Wagiran ya ɗebi shinkafa a cokali, ya ɗaga, ya kusa kai wa baki, sai Ngatini ta tsaya a kansa da tulun shayi.

“Pak, romon ma na bunsurun ne.”

Ya dubi cokalin, ya dubi liman. Liman ya dubi rufin baranda. Wagiran ya ajiye cokalin a hankali, ya tura farantin gaban Parjo.

“Bu, akwai sauran awarar jiya?”

Ta ce akwai guda biyu, amma sun yi sanyi. Ya ce ta kawo haka nan.